Na'urar da Ba Ta Ganin Jinka

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan a kan tabarma, ga wata tatsuniya na kawo muku. Ba ta namun dawa ba ce, ta 'yan'uwa uku ce da wata na'ura. In na kai ƙarshe ba mai tashi sai an yanke mini hukunci, don ni na daɗe ina juya ta a raina ban kama bakin zaren ba.

Can yamma akwai wani babban gulbi da aka datse, aka yi madatsar ruwa da ake kira Kwarin Ɓauna. Madatsar tana da ƙofofi biyu na rage ruwa idan damina ta yi ƙarfi. Ƙofar gabas tana zubawa a fadamar shinkafa, daf da garin Gamji. Ƙofar yamma kuwa tana kallon wani kwari mai faɗi, duk ciyawa da ƙananan tsibirai, kuma tun da aka gina ta ba a taɓa buɗe ta ba.

A kan tsibiran nan akwai masunta. Kowane tsibiri da tungarsa, wato ɗan ƙauyen bukkoki masu rufin jinka. Lokacin da za a gina madatsar an tashe su, aka kai su wani tudu inda ko rijiya sai an sha wuya kafin a ga ruwa. To, masunci a kan tudu ai kifi ne a kan rairayi. Da ɗai-ɗai suka sulale suka koma mazaunin kakanninsu, suka sake kafa bukkoki, suka hayayyafa. A wurin hukuma, kwarin yamma ba kowa. Su ma mutanen tungaye sun fi son a ci gaba da zaton haka.

A ɗaya daga cikin tungayen, Tungar Marke, aka haifi 'yan'uwan nan uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban shi ne Arzika, wanda ya gaji taru da kwale-kwalen ubansu, bai taɓa barin ruwa ba. Mai bi masa Marka, sai autansu Tunau. Waɗannan biyun wani kawunsu ne ya ɗauke su zuwa Gamji tun suna ƙanana, ya sa su makaranta. Marka ta karanci ilimin kwamfuta, Tunau ya karanci aikin injiniya. Da yake madatsar ce babbar ma'aikata a yankin, duk su biyun a can suka sami aiki: ita a ɗakin kwamfutoci, shi a wurin ƙofofi.

Ana nan sai hukumar madatsar ta kawo wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake koya wa abu da misalai har ta riƙa yanke shawara da kanta. Tana duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama, tana auna ruwa, tana hasashen ambaliya. Ma'aikata suka laƙaba mata suna Maihange. Aka ba ta ikon ƙofofi, aka ce duk ranar da ruwa ya fi ƙarfin madatsa, ta rage shi ta inda ba zai taɓa rai ba. Kuma a faɗi gaskiya ta yi aiki. In ta ce gobe gulbi zai ƙaru, to zai ƙaru. Har manoman Gamji suna sa mata albarka.

To, ga abin da Marka ta yi.

Wata rana da hantsi kewar gida ta kama ta, ta ce wa na'urar ta nuna mata Tungar Marke. Hoto ya fito a allo. Ga tsibirin, ga bishiyar marke, ga bukkar uwarta tana gani da idonta. Amma a ƙarƙashin hoton Maihange ta rubuta: ciyawa, babu gida, babu mutum. Marka ta matsa zuwa tunga ta gaba, haka. Ta bi kwarin kaf, amsar ɗaya ce. Nan take ta gane ma'anar wannan: ranar da ruwa ya cika, a kan uwarta za a buɗe ƙofar yamma.

Da wani ne, sai ya ce na'ura ta lalace, ya yi ta zaginta. Marka ba ta yi haka ba. Ta zauna ta bi diddigin abin da aka koya mata, ta tarar duk gidajen da aka nuna wa Maihange na birni ne, masu rufin kwano da siminti. Ba a taɓa nuna mata jinka an ce wannan ma gida ne ba. Daga sama kuwa, jinka da ciyawar kwari launinsu ɗaya. Ba mugunta na'urar take yi ba, abin da aka nuna mata shi ta sani. Marka ta gane maganin: a samo hotunan bukkoki masu yawa daga kusa, ta sake koya mata. Akwai ƙaramin jirgi mara matuƙi a ɗakin ajiya, kuma makullin ɗakin yana hannunta. Da ta so, da a ranar ta tashe shi ta ɗauko abin da take buƙata ba wanda ya sani. Ba ta yi ba. Ba ta kuma faɗa wa shugabanta ba tukuna, don asirin ba nata ba ne ita kaɗai. Ta shiga jirgin ruwa ta tafi wurin yayanta.

"Yaya," ta ce, "ɓuyan da muke yi shi zai kashe mu. Amma ba zan nuna mu ba sai mutane sun yarda, ni kuwa ba za su saurare ni ba. Cewa suke na zama 'yar birni."

Daga baya, da hotunan suka samu, ita ce ta zauna tana ware su ɗaya bayan ɗaya, tana nuna wa na'urar: wannan jinka ce, wannan ciyawa ce, wannan rumfar bandar kifi ce. Gwajin farko ya ƙi, Maihange ta riƙa ɗaukar tarin kara a matsayin gida. Marka ta koma ta sake daga tushe, har idanunta suka yi ja. Ta kuma tsara abin yadda na'urar za ta san akwai mutane a wuri ba tare da ta ajiye fuskar kowa ko tsakar gidan kowa ba. Duk yankin ba wanda ya iya wannan aiki sai ita.

Ga kuma abin da Arzika ya yi.

Ya ɗauki filafilinsa na tuƙa kwale-kwale ya bi tungaye ɗaya bayan ɗaya. Ba a karɓe shi da daɗi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A wata tunga aka ce hukuma ce ta aiko shi. A wata aka hana shi ko ruwan sha. Abokan da suke fita su tare suka daina jiransa da safe. A Tungar Kada kuwa, wata tsohuwa mai suna Gwaggo Dudu, wadda kowa ke jin maganarta, ta tare shi tun a bakin gaɓa.

"Ɗan nan," ta ce, "wancan karon ma da kallo aka fara. Aka zo aka dube mu, aka tafi, sai ga motoci. A tudun can na binne 'ya'yana biyu. Yanzu kuma ka zo mana da tsuntsun ƙarfe da zai leƙa mana makewayi daga sama?"

Arzika bai yi mata gardama ba. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, gaskiyarki. To in an ce za a yi, me kike so kada a yi?" Ta faɗa masa. Ya je tunga ta gaba ya yi tambayar nan, ya je ta gaba ya maimaita, yana riƙe amsoshin a kansa. Sannan ya tara dattawa, ya kai su gaban hakimi da limamin Gamji, aka kirawo shugaban madatsar, wani mutum mai suna Injiniya Gwadabe. A nan Arzika ya buɗe baki ya faɗi abin da aka yi shekara da shekaru ana ɓoyewa: akwai mutane a kwarin yamma, kuma suna da yawa. Ya ce za su bari a ɗauki hoto, amma na rufi kaɗai. Kafin jirgin ya tashi sai an buga ganga mata sun kimtsa. Wanda ba ya so, ya kafa jan ƙyalle a saman bukkarsa a tsallake shi. Kuma ba za a yi amfani da hotunan nan a tashi kowa daga gidansa ba.

Injiniya Gwadabe ya ce maganar tashi ba a hannunsa kaɗai take ba. Arzika ya miƙe. "To, ranka ya daɗe, mun koma. Gara ruwa ya ci mu a gida da ƙishirwa ta ci mu a tudu." Har sun kai ƙofar zaure aka kira su. Injiniyan ya fita ya yi waya da manyansa, ya dawo, aka ɗau alkawari a gaban shaidu.

A kan bukkar Arzika jirgin ya fara shawagi, kowa yana gani. Sauran tungaye suka bi, ban da Tungar Kada. Gwaggo Dudu ta ce ita dai ba ta yarda ba, mutanenta suka kafa jan ƙyalle kaf ɗinsu. Wasu suka ce a ɗauka kawai, ai don ceton ransu ne. Arzika ya ce, "In mu muka fara karya alkawari, da wane baki za mu riƙe hukuma a kan nata?" Aka tsallake Tungar Kada. Ba don Arzika ba, da ko bukka ɗaya ba a ɗauka ba.

Saura Tunau.

Shi nasa ya faro tun ranar da aka kawo na'urar. Masu haɗa ta suka ce a cire tsohon sitiyarin ƙarfe da ake juya ƙofa da hannu, tunda yanzu komai da kansa zai riƙa yi. Tunau ya ƙi. Ya ce duk abin da zai iya kashe mutum, dole a bar wa mutum inda zai ce masa tsaya. Aka yi masa dariya, aka ce ɗan masunta ne, ya saba da filafili. Ya dage har aka gaji aka bar masa sitiyarinsa. Shi ke shafa masa mai, shi ke goge masa tsatsa.

Daminar shekarar ba ta jira kowa ba. Marka ba ta gama koyarwa ba aka shiga sheƙa ruwa a can saman gulbi, ba ƙaƙƙautawa. Wata Juma'a da safe ruwa ya kai jan layin da ke jikin bangon madatsa. A tungaye iska da igiyar ruwa sun hana kwale-kwale fita, ba halin kwashe kowa. Ƙararrawa ta ɗau ƙara. Maihange, wadda har yanzu da tsohon idonta take gani, ta ba da umarni a buɗe ƙofar yamma gaba ɗaya. Ƙofar ta fara motsi. Tunau ya ruga, ya katse ta daga na'urar, ya kama sitiyari ya mayar da ita. Sakatar ƙofar ta riga ta saki, don haka babu abin da ke riƙe da ita sai hannunsa.

Kun ga inda ya tsaya? Gaba kura, baya siyaki. A kwarin yamma uwarsa da yayansa suke. A Gamji, ƙarƙashin bangon, matarsa da 'ya'yansa suke. In ya saki yamma, tungaye sun tafi. In aka buɗe gabas da ka, ba tare da lissafin na'ura ba, ruwan zai wuce fadama ya afka wa unguwannin gangare na Gamji. In kuma aka riƙe duka biyu har bango ya fashe, ba wanda zai rage ya ba da labari.

Injiniya Gwadabe ya sauko da gudu, rigarsa sharkaf. "Tunau, na san da mutane can, ni na yi musu alkawari. Amma in bangon nan ya tafi, an rasa duka biyu. Saki ƙofar!"

"Ranka ya daɗe, na san bangon nan," in ji Tunau. "Na auna shi, zai ɗauki fiye da jan layi. Dubi tsagar can ta kusurwa. In ta fara yoyo, da hannuna zan buɗe, ko da uwata tana ciki. Kafin nan, a ba Marka lokaci."

Injiniyan ya dube shi, ya dubi ruwan. Sai ya tuɓe riga ya jefar, ya kama ɗaya gefen sitiyarin. Ruwa yana hawa, ƙarfen yana rawa kamar zai fizge, tafin hannun Tunau ya tsage. Aka yi kiran sallar Juma'a a Gamji yana riƙe. Aka sauko daga masallaci yana riƙe. Idonsa yana kan tsagar nan bai ɗauke ba.

A sama kuwa, abokan aikin Marka suna cewa ta ɗora abin da ya samu haka nan, ƙaninta ya kusa gajiya. Ta ce na'urar da ta ga rabin mutane ta fi makauniya haɗari, don za a yarda da ita. Sai da ta ƙarasa. Ta ɗora sabon karatun, ta ce wa Maihange ta sake duba kwarin yamma. Allon ya ɗan yi duhu. Sai ga wani ɗigo ya haska a kan Tungar Marke. Sai wani, sai wani. Nan da nan kwarin ya cika da haske kamar an watsa garwashi. Har Tungar Kada, wadda ba a taɓa ɗaukar hotonta daga kusa ba, ta haska, don wanda ya san jinka ɗaya ya san 'yar'uwarta. Ɗakin ya ɗauki kabbara.

Maihange ta janye umarninta, ta sake lissafi. Ta ce a buɗe ƙofar gabas kaɗan-kaɗan, a bar ruwa ya bazu a fadama kafin a ƙara. Ta ce a ɗaga ta yamma kamu ɗaya kawai, ruwan ya bi tsohuwar hanyar gulbi da ke ratsawa tsakanin tsibirai. Tunau ya bi abin da ta ce daki-daki. Zuwa la'asar ruwa ya sauka ƙasa da jan layi. A tungaye ya zo har gindin zana ya tsaya. A Gamji ya tsaya a bayan gari. Shinkafar fadama ta nutse, wannan kam an yi asara. Amma ko ɗan akuya bai mutu ba.

Ku zo ku ga murna! Da iska ta lafa, kwale-kwale suka fito daga kowace tunga da ganguna, suka cika bakin madatsa. Mutanen Gamji, waɗanda da yawansu ba su ma san suna da maƙwabta a kwarin ba, suka fito kallo, kallo ya koma rawa. Manoman da suka rasa shinkafa sun fara gunaguni, sai masunta suka shiga fadamar da taru, suka kama kifin da ruwan ya kawo, suka zube musu a ƙofar gida. Da ruwa ya janye kuma suka zo gayya aka dasa ta rani. Gwaggo Dudu da kanta ta sa aka tuƙo ta, ta ce a kai ta ta ga na'urar. Ta daɗe tana kallon ɗigon da ke kan tungarta.

"Wannan mu ne?" Aka ce su ne.

"Ba fuska, ba tsakar gida?" Aka ce babu.

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, ta iya kallo da kunya. A bar ta."

Hukuma ta cika alkawari. Ba a tashi kowa ba. Aka sa tungaye cikin taswira da sunayensu, jirgin ruwan ma'aikatan lafiya ya fara zuwa. Aka kuma kafa majalisar da za ta riƙa sa ido a kan Maihange: me ake koya mata, wa take gani, wa take tsallakewa. A cikin majalisar aka ware kujera ɗaya ta mutanen tungaye, kuma mai kujerar in ya ce a dakata, to sai an dakata. Aka ce su zaɓo mutum ɗaya. A nan aka rabu gida uku.

Wasu suka ce Marka. Ita ta ga abin da ba wanda ya gani, ita ta gano sanadi, ita ta buɗe wa na'urar ido. Ta sami damar ɗaukar hoto a ɓoye ta ƙi. Ba don ita ba, da Arzika yana can yana jan taru bai san wainar da ake toyawa ba, da Tunau kuma ba shi da abin da zai jira.

Wasu suka ce Arzika. Ilimin Marka ba shi da abin kamawa in ba hoto, hoto kuwa ba ya samuwa sai da yardar mutane. Shi ya sha zagi, shi ya sa mutuncinsa a gaba, shi ya tsaya gaban manya ya ƙi sauka har aka ɗau alkawari. Ba don shi ba, ko an tsira daga ruwa, da motoci sun sake zuwa.

Wasu suka ce Tunau. Ba don shi ba, da wahalar yayyensa duka biyu ta bi ruwa tun safiyar Juma'a. Shi ya hango tun farko cewa na'ura tana buƙatar birki. Shi ya tsaya tsakanin uwarsa da 'ya'yansa bai ruɗe ba. Da na'urar ta gyaru kuma bai yi girman kai ba, ya bi ta.

Aka tambayi su ukun, kowa ya nuna ɗan'uwansa. Aka je wurin uwarsu, aka same ta tana gyaran kifi a bakin rumfa. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ni nono ɗaya na ba su. Ku je ku tambayi waɗanda ba su haife su ba."

To, ga ku nan, ba ku kuka haife su ba. Kada wani ya ce mini hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na sani, amma kujerar guda ce, ba ta ɗaukar mutum uku. Ni dai na sauke muku kayana a nan. Tsakanin Marka da Arzika da Tunau, wa ya fi cancanta ya zauna a kanta?